Takardu a Cike Suke

A gaɓar tekun gabashin Japan, tsakanin garuruwan Okuma da Futaba na jihar Fukushima, akwai wani tudu da tsayinsa ya kai mita 35 daga saman ruwa. Lokacin yaƙin duniya na biyu sojoji sun yi filin jirgin sama a kansa, bayan yaƙi aka koma dafa gishiri. Mutanen yankin ba masu hali ba ne. Da an gama girbi magidanta kan tafi ci-rani Tokiyo su yi leburanci. Saboda haka da kamfanin wutar lantarki na Tokiyo, TEPCO, ya zo neman filin kafa tashar nukiliya a farkon shekarun 1960, majalisun garuruwan biyu suka karɓe shi hannu bibbiyu.

Aikin farko shi ne sassaƙe tudun. Aka kankare mita 25, aka bar 10. Akwai dalilai, kuma duk masu kyau ne: harsashin gini zai zauna a kan dutse, sauke manyan kaya daga jirgin ruwa zai yi sauƙi, kuɗin jawo ruwan teku zuwa sama kuma zai ragu ƙwarai. Takardar neman izini ta 1966 ta ce igiyar tsunami mafi tsayi da za a iya gani a wurin ba za ta wuce mita 3.1 ba, domin iya abin da aka auna ke nan a tashar jiragen ruwa ta Onahama a 1960, sa'ad da girgizar ƙasar Cile ta turo ruwa ya ratso teku. Gwamnati ta duba takarda, ta ga lissafi ya fita, ta buga hatimi. Tukunyar nukiliya ta farko ta fara aiki a watan Maris na 1971, kafin ƙarshen 1979 sun zama shida.

Wutar ba ta mutanen wurin ba ce. Wayoyi ne ke kwashe ta zuwa Tokiyo da kewayenta, tafiyar fiye da kilomita 200. Su 'yan Fukushima wani kamfani ne dabam ke ba su wuta. Amma an samu aikin yi, an gina filayen wasa da ɗakunan taro. A garin Futaba har gasa aka sa wa 'yan makaranta, wani ɗan firamare ya ci da jimlar da ke cewa nukiliya ce makamashin gobe mai haske, aka rubuta ta da manyan baƙaƙe a wata ƙofa da ta ratsa babban titin gari.

Ita tukunyar nukiliya ba a kashe ta ta mutu nan take. Ko an tsayar da ita, makamashin da ke ciki yana ci gaba da fitar da zafi kwana da kwanaki, dole a yi ta zagaya masa ruwa. Injinan tura ruwan da wuta suke aiki. Idan wutar waje ta ɗauke sai janaretoci su karɓa, idan su ma suka tsaya sai batura, su kuwa na 'yan sa'o'i ne. Bayan nan ruwa ya ƙafe, ƙarfe ya narke. Duk tsaron wannan ƙaton gini ya rataya ne a kan kada janareta ya jiƙe. A Fukushima an bi zanen da aka kawo daga Amurka, aka ajiye yawancin janaretocin da akwatunan rarraba wuta a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, a gine-ginen da ke fuskantar teku. A watan Oktoban 1991 wani bututu ya ɓule, ruwan teku ya malala cikin ɗaya daga ɗakunan ya shanye janareta. Aka kwashe ruwa, aka gyara bututu, aka rubuta rahoto. Daga baya an ƙaro janaretoci aka ɗora wasu a sama. Akwatunan da wutarsu za ta bi aka bar su a ƙasa.

Kada mai karatu ya ɗauka babu masu sa ido. Japan ba ƙasar sakaci ba ce, a lokacin hukumomi biyu ma gare ta. Ɗaya tana rubuta ƙa'ida, ɗaya tana bi ta ga an kiyaye.

Mai rubuta ƙa'idar, Hukumar Tsaron Nukiliya, ta sa a kundinta na 1990 cewa ba sai mai zanen tasha ya yi tanadin ɗaukewar wuta ta dogon lokaci ba, tunda ana sa ran za a gyara waya ko janareta cikin hanzari. A aikace minti 30 ake lissafawa. Da aka ga wasu ƙasashe sun tsaurara nasu, sai aka kafa ƙaramin kwamiti ya sake dubawa. A 1992 ofishin hukumar ya aika wa kamfanonin wutar takarda, yana roƙon su rubuto masa dalilin da ya sa ba sai an damu da ɗaukewar wuta fiye da minti 30 ba. TEPCO ya rubuto. Amsarsa ta shiga rahoton kwamiti na 1993 kusan yadda ta zo, ƙa'ida ta zauna yadda take. Ɗalibi ya rubuta wa malami amsar jarrabawa, malami ya kwafe, sannan ya ba ɗalibin maki. Mutumin da ya zama shugaban wannan hukuma a 2010, Farfesa Haruki Madarame, ya taɓa tsayawa a kotu a 2007 yana ba wani kamfanin wuta shaida, inda ya bayyana cewa in aka ce sai an yi tanadin lalacewar janareta biyu a lokaci guda da ire-irensu, ba abin da za a iya ginawa. Dole a ja layi a wani wuri.

Hukuma ta biyu, mai sufetoci, ita ce NISA, wadda aka kafa a 2001. An sa ta ne a ƙarƙashin ma'aikatar tattalin arziki, ciniki da masana'antu, ma'aikatar da babban aikinta shi ne ta ga nukiliya ta bunƙasa. Daga nan ake turo daraktoci, can kuma suke komawa bayan shekara biyu ko uku. Wanda ya yi aikinsa lami lafiya, bai tayar wa kowa da hankali ba, akwai kujerar da ke jiransa bayan ritaya. Ma'aikatar da kanta ta fitar da lissafi a watan Mayun 2011: cikin shekara 50, manyan jami'anta 68 ne suka samu muƙamai a kamfanonin wutar lantarki. Na baya-bayan nan a lokacin shi ne Toru Ishida, shugaban sashen makamashi, wanda ya ajiye aiki a Agustan 2010, ya zama mai ba TEPCO shawara a Janairun 2011. Ba a karya doka ko ɗaya ba.

An taɓa samun wanda ya ɗauki maganar sa ido da gaske. Sunansa Kei Sugaoka, Ba'amurke ɗan asalin Japan, injiniyan kamfanin General Electric da ke zuwa duba tukwanen. A 1989 ya ga tsagewa a wata na'urar busar da tururi ta tukunya ta ɗaya, aka sa a yanke wurin daga faifan bidiyon da za a miƙa wa gwamnati. Abin ya tsaya masa a rai shekara goma sha ɗaya. A 2000 ya zauna ya rubuta wa ma'aikatar wasiƙa, ya sa sunansa. Jami'ai suka tuntuɓi TEPCO su ji ko gaskiya ne, a cikin haka sunan mai ƙorafin ya isa hannun kamfanin. Sai bayan shekara biyu maganar ta fito fili: wurare 29 da ake zargin an yi wa takardun bincike kwaskwarima. Shugabannin kamfanin suka fito gaban 'yan jarida cikin baƙaƙen kwat, suka sunkuya, suka yi murabus. A Afrilun 2003 duk tukwanen kamfanin 17 suna tsaye ana bincike. Daga baya aka tayar da su ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatan tashar sun ɗauki darasi: mai abin faɗa ya daina aika wa hukuma, sai dai ya aika ofishin gwamnan jiha.

Teku kuwa yana da nasa tarihin, kuma a rubuce yake. Wani kundin tarihin fada ya ba da labarin shekarar 869, yadda ƙasa ta girgiza, ruwa ya hauro ya shafe filayen Sendai, mutum kusan dubu suka nutse. An daɗe ana ɗaukar labarin ƙarin gishirin mutanen da. Sai wani masanin ƙasa na jami'ar Tohoku, Koji Minoura, ya riƙa haƙa ramuka a gonakin shinkafa, kilomitoci daga gaɓa, yana tarar da shimfiɗar yashin teku a ƙarƙashin laka. Ya samu irinta har hawa uku. A 2001 ya wallafa cewa wannan ruwa kan dawo duk bayan shekara 800 zuwa 1,100, kuma tun zuwansa na ƙarshe an haura 1,100.

A Yulin 2002 kwamitin gwamnati na masana girgizar ƙasa ya ce babbar girgiza mai tayar da tsunami na iya aukuwa ko'ina a tsawon ramin da ke ƙarƙashin tekun gabas, har da daura da Fukushima. Wani jami'in NISA ya kira mutanen TEPCO ya ce ya kamata su lissafa abin da hakan ke nufi ga tasharsu. Ma'aikacin kamfanin da ya je ya koma ofis ya rubuta wa abokan aikinsa cewa ya yi kusan minti 40 yana turjewa. Minti 40 ɗin sun wadatar, ba a sake tayar da maganar ba. A 2006 wani zaman nazari na hukumar da kamfanoni ya tabbatar da abin da kowa zai iya hasashe, cewa in ruwa ya haura dandalin tashar, wuta za ta ɗauke gaba ɗaya. Aka rubuta, aka sa a fayil.

Lissafin da aka ƙi yi a 2002 an yi shi a 2008. Injiniyoyin wani reshen kamfanin ne suka yi, ya ba su mita 15.7. Tasha tana kan mita 10. A watan Yuni aka kai wa mataimakin shugaban sashen nukiliya, Sakae Muto, daga baya aka biyo shi da bayanin cewa katangar da za ta tare irin wannan ruwa za ta ci biliyoyin yen da shekaru kusan huɗu. Muto bai ce ƙarya ne ba. Mutum ne mai natsuwa. A ƙarshen Yuli ya ce a miƙa wa ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta ƙasa ta yi nazari mai zurfi. Kwamitin ƙungiyar da ke duba tsunami, kamfanonin wuta ne ke biyan kuɗin bincikensa, ma'aikatansu kuma na cikin mambobi. Ana sa ran amsa a 2012.

A Yunin 2009, a wani zaman da NISA ta kira, wani masani mai suna Yukinobu Okamura ya tambayi dalilin da ya sa rahoton kamfanin kan tsaron tashar bai ambaci ruwan 869 ba ko da kalma ɗaya. Wakilin kamfanin ya ce babu shaidar ɓarna mai yawa. Okamura ya ce kundin tarihi ya ce har ganuwa ta rushe. Jami'in hukuma ya shiga tsakani, ya ce za a duba wannan a rahoton ƙarshe. Rahoton ƙarshen a 2009 ya kamata a miƙa shi. Kamfanin ya ɗaga wa kansa zuwa Janairun 2016, hukuma ta ga ana jan ƙafa, ba ta matsa ba. A majalisar dokoki ma akwai wani ɗan adawa, Hidekatsu Yoshii, wanda ya karanci injiniyancin nukiliya, ya yi ta nanata tambayar tun 2006: in wuta ta ɗauke duka fa? A Mayun 2010 shugaban NISA, Nobuaki Terasaka, ya amsa masa cewa a ilmance narkewa na iya yiwuwa, amma an yi tsaro hawa-hawa yadda a zahiri da wuya ƙwarai a kai ga haka.

Ranar 7 ga Fabrairun 2011 NISA ta amince tukunya ta ɗaya, mai shekara 40, ta ƙara shekara goma tana aiki. Ranar 28 ga watan kamfanin ya sanar da hukumar cewa akwai na'urori 33 da bai duba a kan lokaci ba. Ranar Litinin, 7 ga Maris, ma'aikatansa suka shiga ofishin hukumar suka nuna mata lambar nan ta 15.7, wadda ta kusa shekara uku a aljihun tebur. Jami'in da ya karɓe su ya ce ya kamata a hanzarta.

Ranar Juma'ar wannan makon da ƙarfe 2:46 na rana ƙasa ta girgiza, maki 9. Tukwane uku da ke aiki suka tsaya da kansu, wutar waje ta ɗauke, janaretoci suka tashi. Komai ya tafi yadda takarda ta ce, har kusan minti 50. Sannan ruwa ya iso, ya haura dandalin da mita huɗu zuwa biyar, ya ɓalle ƙofofi, ya gangara inda ruwa ke gangarawa. Matasan ma'aikata biyu da aka tura duba ɗakin ƙasa na tukunya ta huɗu a can suka rasu. Cikin janaretoci 13, ɗaya tal ya ci gaba da ba da wuta. Biyu daga waɗanda aka ɗora a sama ko jiƙewa ba su yi ba, amma akwatunansu na cikin ruwa.

A ɗakin sarrafa tukunya ta ɗaya da ta biyu fitilu suka mutu, allunan ma'auni suka yi baƙi. Littafin matakan gaggawa bai tanadi wannan shafin ba, domin ƙa'ida ta ce ba zai faru ba. Ma'aikata suka fita filin ajiye motoci suna kwance batura daga bas-bas da motocinsu na kansu, suna ɗaukowa a hannu cikin duhu da ɓaraguzai. Su jona biyu su karanta ma'aunin ruwa da tocila, su cire su jona wa wani. Don buɗe bawul guda sai an jera batir goma. Manajan tashar da ya jagorance su, Masao Yoshida, ya yi jarumtar da har yau ake yabawa. Shi ne kuma shugaban sashen da lissafin 15.7 ya biyo ta teburinsa a hedikwata a 2008.

Da asubahin Asabar Farfesa Madarame ya tabbatar wa firaminista Naoto Kan, a cikin jirgi mai saukar ungulu, cewa ba za a samu fashewa ba. Da ƙarfe 3:36 na yamma ginin tukunya ta ɗaya ya tashi. Na uku ya bi ranar 14, na huɗu ranar 15. Shugaban NISA tun daren Juma'a ya bar fadar firaminista ya koma ofishinsa; daga baya ya yi wa masu bincike bayanin cewa shi ɗan ɓangaren mulki ne, tattalin arziki ya karanta, ya ga ya fi kyau ya bar wa masu ilmin abin. Kakakin hukumar da ya faɗa wa 'yan jarida ranar 12 cewa mai yiwuwa makamashin ya fara narkewa, ba a ƙara barinsa ya jagoranci taron manema labarai ba. Kamfanin bai amsa narkewar ba sai a watan Mayu. Sufetocin da ke zaune a tashar sun fice ranar 12, aka umarce su su koma, suka koma, suka sake ficewa ranar 14, suka bar leburori da 'yan kwangila a ciki. Cibiyar gaggawa da aka gina kilomita biyar daga tashar ba ta da matatar iska, duk da wata ma'aikata ta ja hankali a kan haka tun 2009. Ranar 15 aka rufe ta aka yi gaba.

A unguwar masunta ta Ukedo, cikin garin Namie, 'yan kwana-kwana na sa-kai sun ji muryoyi da ƙarar hon daga ƙarƙashin ɓaraguzai a daren Juma'a. Duhu ya hana su, suka ce da gari ya waye za su dawo. Da gari ya waye umarnin kwashe mutane ya zo. Sai bayan wata guda aka shiga neman gawa. Tsofaffi da marasa lafiya na asibitin Futaba da gidan kula da tsofaffi na kusa da shi, wasu an bar su kwanaki a kan gado, wasu an zaunar da su a bas an yi ta zagaye da su fiye da kilomita 200. Mutum 44 suka rasu. Waɗanda suka bar gidajensu sun kai kimanin 160,000. A jihar Fukushima, waɗanda wahalar gudun hijira ta kashe daga baya sun haura 2,300, sun fi waɗanda ruwan ya ci a ranar.

Can arewa, a Onagawa, akwai wata tashar da ta fi kusa da cibiyar girgizar. Lokacin da ake zana ta a ƙarshen shekarun 1960, su ma lissafinsu wajen mita uku ya ba su. Wani dattijon injiniya, Yanosuke Hirai, wanda ya san labarin 869, ya kafe sai an ɗora ta a kan mita 14.8, kamfaninsa ya bi maganarsa. Ya rasu a 1986. Ruwan 2011 ya zo da mita 13, ƙasa ta nutsa da mita ɗaya, ya rage ƙiris, amma bai haura ba. Garin Onagawa ya rasa mutum fiye da 800, mutum 364 kuma suka fake a ɗakin wasannin tashar, wasu har wata uku. Babu dokar da ta tilasta wa Hirai. Gwamnatin da ta sa hannu a kan mita 10 ita ta sa hannu a kan 14.8, duka biyun sun cika ƙa'ida.

Majalisa ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin likita Kiyoshi Kurokawa. A Yulin 2012 ya miƙa rahoto mai shafi fiye da 600, ya ce bala'in aikin ɗan Adam ne, ya samo asali daga haɗin bakin gwamnati da masu sa ido da kamfani, har mai sa ido ya koma kamamme a hannun wanda yake sa wa ido. Wani abin mamaki a al'adar mutanen can, an buga rahoton, kowa na iya karantawa. A watan Satumba aka rushe NISA, aka kafa sabuwar hukuma nesa da ma'aikatar ciniki, akasarin tsofaffin ma'aikatan suka koma cikinta. A yi mata adalci, ta fi ta da haƙora: a Nuwamban 2024 ta hana tayar da wata tukunya a Tsuruga, karo na farko da ta ce a'a ɗungurungum. Ƙofar nan ta Futaba an sauke rubutunta a Disamban 2015, lokacin babu kowa a garin.

Masu gabatar da ƙara sau biyu suna cewa ba su ga wanda za a tuhuma ba. Sai da wani kwamitin talakawa ya tilasta aka gurfanar da tsofaffin shugabannin kamfanin uku, har da Muto. Kotu ta wanke su a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2023, ɗaya ya rasu a 2024, kotun ƙoli ta rufe maganar sauran biyun a Maris na 2025. Wata kotun ta taɓa yanke wa tsofaffin shugabanni huɗu biyan yen tiriliyan 13.3 a 2022. A Yunin 2025 aka soke hukuncin. Game da gwamnati, kotun ƙoli ta ce a Yunin 2022, alƙalai uku a kan ɗaya, ba ta da alhakin biyan diyya, domin ko da ta ba da umarnin gina katanga, ruwan da ya zo ya fi wanda aka lissafa. Babu jami'in sa ido ko ɗaya da ya tsaya gaban alƙali a kan tuhuma. Shugaban NISA da babban sakataren ma'aikatar da shugaban sashen makamashi an sauke su a Agustan 2011, aka lissafa musu garatuti tare da ƙarin da ake yi wa wanda aka nemi ya yi ritaya kafin lokacinsa.

Narkakken makamashin da ke kwance a gindin tukwanen uku an ƙiyasta shi tan 880. A Nuwamban 2024 aka yi nasarar ciro kashin farko, bai cika giram ɗaya ba. Kuɗin diyya da share ƙasa da rushe tashar, a lissafin gwamnati na 2023, yen tiriliyan 23.4 ne. Daga ciki an ware tiriliyan 2.4 da za a tara cikin shekara 40, an fara tun 2020, ta hanyar ƙara shi a kuɗin dakon wuta da ke cikin bil ɗin kusan kowane gida a ƙasar. Mutanen Futaba da Namie ma suna biya duk wata, a garuruwan da suka yi gudun hijira.